Yadda Ake Girka Jagged Alliance 2 Da Kwaskwarimarsa Ba Tare Da An Dagula Wasan Ba

Jagged Alliance 2 wasan kwamfuta ne da kamfanin Sir-Tech reshen Kanada ya ƙirƙira, aka fitar da shi a shekarar 1999, kuma har yau akwai masu buga shi da masu yi masa gyare-gyare, duk da cewa kamfanin da ya haife shi ya daɗe da rufewa. Labarinsa bai da sarƙaƙiya: wata ƙasa ce ƙagaggiya mai suna Arulco, wadda Sarauniya Deidranna ta ƙwace mulkinta da makirci, sai hamɓararren mijinta Enrico Chivaldori ya ɗauke ka aiki, ya ba ka kuɗi, ya ce ka yi hayar sojoji ka ƙwato masa ƙasar. Kana tafiyar da mutanenka a sake muddin ba a ga maƙiyi ba, amma da zarar an yi ido huɗu da shi sai wasan ya koma karɓa-karɓa, ɓangarenka ya yi motsinsa gwargwadon makin da kowane soja yake da shi, sannan ɓangaren Sarauniya ya yi nasa.

Abin da ya tsawaita rayuwar wasan shi ne sakin tushen rubutun manhajarsa da aka yi a 2004, tare da fitowar sigar da ake kira Wildfire. Daga nan masoyansa suka samu damar taɓa cikinsa, ba fuskarsa kaɗai ba, kuma daga wannan ƙofar ne manyan ayyuka biyu suka fito, wato Stracciatella da kuma 1.13. Mafi yawan wahalar da sabon shiga yake sha tana zuwa ne daga rashin bambance waɗannan biyun, da kuma zumuɗin zuba kwaskwarima, wato gyare-gyaren da masoya suke ɗorawa a kan wasan, uku ko huɗu a folda ɗaya tun bai san ɗanɗanon wasan asali ba.

Samun wasan asali da ajiye kwafi mai tsabta

Babu kwaskwarimar da take tsayawa da ƙafarta. Dukansu suna buƙatar hotuna da muryoyi da taswirorin da suke cikin foldar Data ta wasan asali, don haka matakin farko shi ne mallakar wasan, kuma ana sayar da shi a shagunan wasanni na intanet GOG da Steam. A nan ya kamata a kula sosai da suna, domin abubuwa uku ne suke yawo da kusan suna ɗaya. Akwai Jagged Alliance 2 kansa, wanda bugunsa na Gold ya fito a 2002 da lambar siga 1.12. Akwai Unfinished Business na shekarar 2000, gajeren ci gaba ne mai labarinsa daban. Sannan akwai Wildfire, wanda ya soma a matsayin aikin masoya kafin ya zama hajar sayarwa, kuma an sauya masa taswirori da makamai. Na farkon ake so. Wanda ya zuba 1.13 a kan Wildfire ya gina ɗaki ne a kan harsashin wani ɗakin. Lambar 1.13 ɗin ma daga nan ta samo asali, domin masu aikin sun ɗauki kansu a matsayin masu ɗorawa daga inda 1.12 ta tsaya.

Idan za ka girka wasan a Windows, kada ka bar shi ya shiga Program Files. Windows tana tsare wannan wurin, tana hana tsofaffin manhajoji rubutu a cikinsa yadda suka ga dama, wani lokaci ma ta karkatar da abin da suka rubuta zuwa wani ɓoyayyen wuri, sai ka gyara saiti ka ga bai yi aiki ba, ko ka adana wasa ka neme shi ka rasa. Ƙirƙiri folda mai gajeren suna kai tsaye a kan faifan, ka girka a ciki. Da ka gama, kafin ka kunna komai, kwafi foldar gaba ɗaya ka ajiye a gefe da sunan da zai tuna maka cewa ba a taɓa ta. Wasan ƙarami ne a ma'aunin faifan yau, saboda haka babu dalilin yin rowar wuri. Daga yanzu duk kwaskwarimar da za ka gwada, sabon kwafi za ka ɗauka daga wannan ajiyar, kowace kwaskwarima da foldarta.

Ka kuma lura da harshen bugun da ka saya. An fitar da wasan da Ingilishi da Jamusanci da Rashanci da wasu harsunan, kuma manhajar kunna wasan da kwaskwarima take kawowa dole ta dace da harshen fayilolin da suke ƙasa.

Stracciatella, ga mai son wasan yadda yake

Manufar Stracciatella ita ce a bar wasan a kan kamanninsa na asali, a gyara kurakuransa, a kuma sa ya yi aiki a na'urorin zamani. Yana tafiya a Windows da Linux da macOS, har da Android. Girka shi ba ya cin lokaci: ka sauke shi, ka ajiye shi a foldarsa ta daban, ka buɗe 'yar manhajar kunnawa da yake zuwa da ita, ka nuna mata inda wasan asali yake, ka zaɓi harshen bugunka da girman hoton da kake so, shi ke nan. Ba ya rubuta komai a kan fayilolin asali, karanta su kawai yake yi.

A ganina duk wanda bai taɓa buga wasan ba, da wannan ya kamata ya fara, ko da ba zai kai ƙarshe ba. Ya sauka a Omerta, garin da ake fara wasan, ya kai wa madugun tawaye Miguel da 'yan tawayensa wasiƙar Enrico, ya kama filin jirgin garin Drassen da mahaƙar ma'adinanta, ya horar da 'yan sa-kai, ya ga yadda kuɗin haya suke cin asusu kowace rana. Wanda ya yi wannan zai gane abin da 1.13 ta sauya da dalilin sauyawar, wanda kuma bai yi ba zai tarar da ɗaruruwan zaɓuɓɓuka a gabansa bai san wanne ne na gado wanne ne baƙo ba.

Girka 1.13

Ita 1.13 wata aba ce daban. Ta ɗaga hoton wasan daga 640 da 480 zuwa girman allunan yau, ta ƙara ɗaruruwan bindigogi da kayan haɗa musu, ta sake tsarin ɗaukar kaya, ta ƙara wa maƙiyi wayo, sannan ta fitar da lambobin da a da suke binne cikin manhaja zuwa fayilolin rubutu waɗanda kowa zai iya buɗewa ya gyara. Za ka ci karo da sigogi iri biyu. Akwai tsohuwar tsayayyiyar siga ta 2014, wadda aka fi sani da lambarta 7609, akwai kuma sababbin da ake ci gaba da fitarwa a shafin GitHub na intanet. Sababbin sun fi yawan abubuwa da gyaran kurakurai, kuma su ne suka fi dacewa da wanda 1.13 kaɗai yake so. Tsohuwar kuwa har yanzu tana da amfani, domin wasu manyan kwaskwarimomi a kanta aka gina su.

Aikin girkawar kwafi ne kawai. Ka ɗauki sabon kwafin wasan asali, ka warware ƙunshin 1.13 a cikin babbar foldarsa, wato wurin da foldar Data take zaune, idan kuma aka tambaye ka ko a maye gurbin fayilolin da suke da suna ɗaya, ka amince da duka. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne manhajar warwarewa ta ƙirƙiri wata folda ta zuba komai a cikinta, sai kayan 1.13 su zauna hawa ɗaya ƙasa da inda ya kamata. Alamar cewa ka yi daidai ita ce ka ga Data da Data-1.13 kafaɗa da kafaɗa, da fayil ɗin Ja2.ini kusa da su.

Yana da kyau a fahimci yadda waɗannan foldoji suke aiki da juna, domin wannan fahimtar ce take warware rabin matsalolin da za su zo daga baya. 1.13 tana jera foldojin ne hawa-hawa. Data ce a ƙasa, Data-1.13 a kanta, idan akwai wata kwaskwarimar sai tata foldar ta hau sama, sannan a can ƙololuwa akwai foldar mai wasa da take cikin Profiles, inda ake ajiye wasannin da ka adana. Duk lokacin da wasan yake neman wani fayil, daga sama yake farawa, kuma na farkon da ya samu shi yake ɗauka. Fayilolin da sunansu ya fara da vfs_config su ne suke faɗin wace folda ce a kan wace, Ja2.ini kuma shi yake faɗin wanne daga cikinsu za a bi. Saboda haka idan ka gyara wani saiti a Data-1.13 amma wasan ya yi kamar bai gani ba, kusan ko da yaushe dalilin shi ne akwai wani fayil mai irin sunan a hawan da yake sama, kuma shi ake karantawa.

A cikin Ja2.ini ne kuma ake zaɓar girman hoto da ko wasan zai cika allo ko zai zauna a taga. Kada ka yi kwaɗayin lamba mafi girma. Zanen wasan ba ya ƙara kyau idan an ƙara girman, filin da ake gani ne kawai yake faɗaɗa, sojoji su koma kamar tururuwa, rubutun ya gagari karatu. Matsakaicin girma wanda za a miƙe ya cika allon ya fi sauƙi ga ido. Idan wasan ya riƙa jan ƙafa, ko launuka suka rikice, ko allo ya yi baƙi, yawanci tsohuwar hanyar zane ta DirectDraw ce ba ta jituwa da sabuwar Windows, kuma maganin da aka fi amfani da shi shi ne cnc-ddraw, wanda ake ajiye fayilolinsa kusa da manhajar kunna wasan. Duba tukuna ko ƙunshin da ka sauke ya riga ya zo da shi.

Shafin fara sabon wasa

Wannan shafin ya cancanci a tsaya a kansa, domin yawancin abin da ka zaɓa a nan ba ya sauyuwa sai ka sake wasan daga farko. Matakan wahala uku ne a asali, kuma kuɗin farawa suna raguwa da hawansu: dala 45,000 a mafi sauƙi, 35,000 a matsakaici, 30,000 a na ƙwararru. 1.13 ta ƙara na huɗu wanda sunansa ma yake nufin hauka, kuma ba a yi shi don baƙo ba. Ko wanda ya gama wasan asali, shawarata ya fara 1.13 a matsakaici, saboda maƙiyin nan yana zagayowa ta gefe, yana hawa rufin ɗaki, yana kuma yin ruwan harsashi don ya danne mutanenka a ƙasa ko da bai same su ba.

Akwai zaɓi tsakanin salon zahiri da salon ƙagen kimiyya. Na biyun yana sako wasu manyan ƙwari da suke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa su mamaye ɗaya daga cikin mahaƙunka, su tsayar da kuɗin da take kawowa har sai ka shiga ramin ka kashe uwarsu. Wasu suna ganin abin ya ɓata natsuwar labarin, ni kuwa ina ganin ya kamata kowa ya gan shi sau ɗaya.

Sabon tsarin ɗaukar kaya shi ne sauyin da za ka fi ji a hannunka. A wasan asali kowane soja yana da aljihuna ƙayyadaddu, manya huɗu da ƙanana takwas. A sabon tsarin kuwa aljihun yana zuwa ne daga abin da sojan ya sanya, rigar ɗaukar harsashi ko kuben cinya ko jakar goyo, kuma kowane aljihu da irin abin da yake karɓa. Jakar goyo tana ɗaukar kaya da yawa amma tana nauyaya mai ita, har ana so ya sauke ta idan faɗa ya kaure. Tsari ne mai daɗi ga mai son shirya mutanensa dalla-dalla, mai gajiyarwa ga wanda harbi kawai ya zo yi, kuma ana iya barin tsohon. Haka ma makin motsi: inda soja yake da kimanin 25 a asali, 1.13 ta mayar da ma'aunin 100, ba don ya yi ninki huɗu na aiki ba, sai don a samu damar bambance bindigar da take saurin ɗaguwa da wadda ta ɗan fi ta nauyi.

Abu ɗaya da nake ba da shawarar a bari a kashe a zagayen farko shi ne sabon tsarin lissafin saitin bindiga da ake taƙaita sunansa NCTH. A tsohon tsari wasan yana lissafa yiwuwar samu ne ya jefa ƙuri'a. A sabon kuwa yana zana da'ira a kan wanda ake hari, harsashin ya faɗa ko'ina a cikinta, aikin mai harbi shi ne ƙanƙance da'irar ta hanyar kwanciya da ɗaukar lokaci da madubin da ya dace da nisan. Tunanin mai kyau ne, amma a farkon wasa, lokacin da ƙananan bindigogin hannu kawai kake da su, yana iya sa mutum shida su ƙarar da harsashinsu ba su taɓa kowa ba. A wasu sigogin a wannan shafin ake zaɓarsa, a wasu kuma cikin fayil ɗin saiti. Tsarin ci da sha da na cututtuka su ma su jira. Sannan a ja linzamin Bobby Ray, shagon makamai da ake yin oda daga gare shi a cikin wasan, wato kada a ɗaga ingancin kayan da yake sayarwa tun daga farko, domin wanda ya sayi bindigar gwanayen harbi a makon farko ya kashe wa kansa daɗin tsintar ta a hannun maƙiyi a mako na biyar.

Gyaran fayilolin saiti, da batun Drassen

Zuciyar 1.13 ita ce Ja2_Options.ini da yake cikin Data-1.13. Fayil ne dogo ƙwarai, amma kusan kowane saiti yana da bayani a samansa, a layukan da suka fara da alamar waƙafi mai ɗigo, waɗanda wasan ba ya karantawa. Ana buɗe shi da kowace manhajar rubutu mara ado irin Notepad, ko da editan da yake zuwa cikin ƙunshin. Kafin ka taɓa shi ka kwafe shi, kuma ka riƙa sauya abu ɗaya ko biyu a lokaci guda kana gwadawa, domin wanda ya sauya ashirin a zama ɗaya sannan wasan ya ƙi tashi ba shi da hanyar sanin wanne ne mai laifin.

Saitin da ya fi kowanne karya sababbin shiga shi ne harin ramuwa na Drassen. A wasan asali, idan ka kama garin, ana nuna Sarauniya tana kumfar baki tana umartar a ƙwato shi, amma abin da yake zuwa bai kai barazanar ba. 1.13 ta cika mata alkawarin: runduna mai yawan gaske take tasowa, a daidai lokacin da mutanenka ba su wuce biyar ko shida ba, da raunuka a jiki da harsashi kaɗan. Nemi kalmar DRASSEN a cikin fayil ɗin ka karanta bayanin da yake kanta, kana iya kashe harin. Idan kuma ka fi son ka fuskance shi, to kada ka yi gaggawar kammala kama garin. Riƙe filin jirgi tukuna, ka yi odar harsashi da gurneti daga Bobby Ray, ka jira su sauka, ka ɗan sanya wa Pablo mai kula da kaya wani abu a hannu don kada akwatinka ya iso da giɓi, ka bar masu rauni su warke, sannan ka gangara mahaƙar. Da ka kama ta, ka yi magana da shugaban masu haƙa domin kuɗi su fara shigowa, ka sa mai iya koyarwa kamar Ira, 'yar tawayen da take biyo ka daga Omerta, ta fara horar da 'yan sa-kai nan take, ka kuma zaɓi gini mai ƙofofi kaɗan wanda za ka kare.

Wanda yake son ya wuce nan zai samu foldar TableData, inda bayanan makamai da kaya da sojojin haya suke cikin fayilolin XML. A nan ake sauya nauyin bindiga ko ƙarfin harsashi ko albashin sojan haya irin Ivan. Sai dai XML ba ya yafiya, alama ɗaya da aka manta ba a rufe ba tana hana wasan tashi ɗungurungum, don haka editan XML na 1.13 ya fi hannu aminci. Ka kuma sani cewa bayanan sojoji ana kwafe su ne cikin wasan a ranar da ka fara shi, gyaran da ka yi musu daga baya ba zai bayyana ba sai a sabon wasa.

Kwaskwarima a kan kwaskwarima

Bayan ka saba da 1.13, akwai ayyukan da aka gina a kanta. Arulco Revisited ya sake zana taswirorin ƙasar, ta yadda wanda ya haddace kowane lungu na garuruwan Cambria da Alma zai koma baƙo. Urban Chaos tsoho ne, ya girmi 1.13, ya kai yaƙin wata ƙasa mai suna Danubia inda faɗan cikin birni ya fi yawa, daga baya aka yi masa sigar da take tafiya a kan 1.13. AIMNAS ya shahara da tarin makamai da manyan taswirori, Vengeance Reloaded kuma ya zo da ƙarin labari da mutane, da manhajar kunnawa tasa ta kansa.

Ƙa'idar girka su ɗaya ce: kowanne an gina shi ne a kan takamaimiyar sigar 1.13, kuma takardar bayanin da take cikin ƙunshinsa tana faɗin wacce ce. Idan ta ce 7609, to 7609 ɗin za ka nemo, ko da akwai wadda ta fi ta sabunta da shekara goma, saboda tsarin fayilolin XML yana sauyawa tsakanin sigogi, kuma sabuwar manhaja ba lallai ta fahimci tsohon fayil ba. Jerin aikin shi ne sabon kwafin wasan asali, sai sigar 1.13 da aka ambata, sai kwaskwarimar a ƙarshe, sannan ka tabbatar Ja2.ini yana nuni ga vfs_config ɗin kwaskwarimar. Idan ka manta wannan na ƙarshen, wasan zai tashi lafiya lau, ka yi awa guda kana mamakin me ya sa Omerta ba ta sauya ba.

Wasan da ka adana a wata kwaskwarima ba ya buɗuwa a wata, kuma sabunta 1.13 a tsakiyar yaƙi caca ce: wani lokaci ajiyar ta buɗe, wani lokaci ta buɗe da kayan da suka rikiɗe suka zama wasu abubuwan daban, domin lambobin kaya sun gusa. Yaƙin Arulco yana iya ɗaukar makonni ana bugawa kafin a isa fadar Sarauniya a Meduna, don haka idan sabuwar siga ta fito kana tsaka da shi, ka girka ta a wata foldar, ka kwafi ajiyarka daga Profiles ka gwada a can, ka duba aljihunan mutanenka da kayan da ka tara a Drassen, idan komai yana nan yadda ka bar shi sannan ka ƙaura.